Zauren Taro Da Tukunyar Gida: Waiwaye Daga Akra 1965 Zuwa Johanesbag 2025

A watan Oktoban 1965 birnin Akra ya karɓi taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a Adis Ababa shekara biyu kafin nan. Shugaba Kwame Nkrumah ya ƙwallafa rai a kan wannan taro, domin a nan yake fatan shawo kan takwarorinsa su amince da gwamnati guda ga nahiyar baki ɗaya. Saboda haka bai tsaya lissafin kuɗi ba. Ya sa aka gina katafaren bene mai hawa 12, wanda mutanen Gana suka sani da suna Job 600, da ɗakunan alfarma na shugabanni da zauren liyafa, aka narkar da miliyoyin fam. A wannan shekarar ce kuma farashin koko, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Mata suna bin layin sukari da madara da sabulu a kantuna, magina kuwa suna ta aiki dare da rana don a gama benen kafin baƙi su sauka.

Baƙin ma ba duka suka zo ba. Shugabannin ƙasashe da dama na renon Faransa, ciki har da Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Diori Hamani na Nijar, sun ƙaurace wa taron bisa zargin Nkrumah da ba 'yan adawarsu mafaka da horo. Diori yana da dalilinsa na kansa: a watan Afrilun shekarar an jefa masa gurneti a filin Idi a Yamai, gwamnatinsa kuma ta ɗora alhakin a kan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da sansani a Gana. Aka yi taro aka watse ba a amince da gwamnatin tarayyar ba. Wata huɗu bayan haka, ranar 24 ga Fabrairun 1966, sojoji da 'yan sanda suka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoy neman sulhun yaƙin Biyetnam. Jama'a suka fito tituna suna murna. Benen ya yi shekaru masu yawa ba a cin moriyarsa yadda ya kamata, sai a 2015 aka sake buɗe shi bayan gyara ya zama ofisoshin 'yan majalisa.

Abin da ya faru a Akra ya maimaita kansa a wurare da yawa cikin shekara sittin da suka biyo baya, kuma kusan kullum da tsari iri ɗaya. Gwamnati takan nemi suna a idon duniya, ta ci bashi ta ƙawata babban birni. Baƙi su tafi, bashi ya rage. Rayuwa ta yi tsada, talaka ya fusata. Daga nan sai a nemi wanda za a nuna wa yatsa, wanda ya fi sauƙin kamu kuwa shi ne ɗan ci-rani, domin ba shi da ƙuri'a kuma ba shi da mai tsaya masa.

Wa'adin mako biyu

Gwamnatin farar hula ta Dokta Kofi Busia ta hau mulki a 1969 ta tarar da baitulmali cike da takardun bashi, matasa kuma suna yawo ba aikin yi. Ranar 18 ga Nuwamban shekarar ta fitar da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. A lokacin samun irin wannan takarda ba abu ne da talakawa suka saba da shi ba. Fataken Hausa sun fi ƙarni suna zirga-zirgar goro tsakanin Kano da Salaga da Kumasi tun kafin Bature ya shata iyaka, kuma a zangunan Kumasi da Akra akwai waɗanda a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu. Mutane fiye da dubu ɗari suka kwashe abin da za su iya ɗauka, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da mutanen Togo da na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Wasu suka sayar da gidaje da rumfuna a farashin wulaƙanci, wasu suka bar su haka nan. A shekarar da ta biyo baya aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan harkokin kasuwanci ga 'yan ƙasa kaɗai.

Da farko jama'a sun yi na'am, domin kukan rashin aiki gaskiya ne. Sai dai gonakin koko sun rasa leburorin da ke musu aiki, kasuwannin ƙauyuka kuma suka rasa 'yan tiredan da ke kai musu kaya. Tattalin arziki bai farfaɗo ba. A ƙarshen 1971 Busia ya karya darajar kuɗin ƙasar, sidi, ranar 13 ga Janairun 1972 kuma Kanar Acheampong ya kifar da shi. Korar baƙi ba ta ƙara masa ko shekara uku a kan kujera ba.

Buhun shinkafa a Monrobiya

Babu inda aka biya farashin wannan ɗabi'a da jini kamar Laberiya. Shugaba William Tolbert ya karɓi ɗaukar nauyin taron ƙungiyar na watan Yulin 1979. Aka gina babban otal mai suna Hotel Africa a bayan birnin Monrobiya, da zauren taro da gidaje na musamman don shugabanni, har da hayar jirgin ruwa da zai zama masaukin ƙarin baƙi. Ana cikin wannan hidima sai gwamnati ta fito da shawarar ƙara kuɗin buhun shinkafa daga dala 22 zuwa 26. Hujjarta ita ce a ƙarfafa manoman gida. Talakawa kuwa sun san iyalan shugaban suna cikin manyan masu gonakin shinkafa, kuma shinkafa ita ce abincin kowane gida.

Ranar 14 ga Afrilun 1979 dubban mutane suka fito zanga-zanga. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe aƙalla mutum 40, aka wawashe kantuna, har sai da Sékou Touré na Gini ya turo sojoji don taya gwamnati kwantar da tarzomar. Duk da haka ba a ɗage taron ba. Bayan wata uku shugabanni suka sauka, aka yi jawabai, Tolbert ya zama shugaban ƙungiyar. Yana riƙe da wannan muƙami ne wasu ƙananan sojoji ƙarƙashin Saje Samuel Doe suka kashe shi a fadarsa ranar 12 ga Afrilun 1980. Bayan kwana goma aka ɗaure manyan jami'an gwamnatinsa 13 a bakin teku aka harbe su. Matsalar Laberiya ta girmi taron, domin tana da tushe a danniyar da tsirarun zuriyar 'yantattun bayi daga Amurka suka daɗe suna yi wa sauran ƙabilu. Amma ganin kuɗi na zuba a otal alhali ana ƙara wa mayunwaci kuɗin abinci shi ya tunzura wutar. Otal ɗin kuwa yaƙin basasa ya mayar da shi kango.

Maƙwabciyarta Saliyo ba ta ɗauki darasi ba. A watan Yulin 1980 Siaka Stevens ya karɓi taron a Firitawun, bayan ya gina unguwa guda ta gidajen alfarma a kan tudu, ya faɗaɗa otal-otal, ya shigo da jerin motocin ƙasaita. Shekarun da suka biyo baya shekarun rashin albashi ne da ɗaukewar wuta da layin mai. Daga 1983 zuwa 1990 ƙungiyar ta koma yin tarukanta a hedkwatarta da ke Adis Ababa, lokacin da bashi ya riga ya durƙusar da yawancin ƙasashen nahiyar.

Daga bikin Legas zuwa iyakar Seme

Nijeriya ta yi nata wasan da kuɗin mai. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 Legas ta karɓi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, inda ƙasashe fiye da 50 suka halarta. Aka gina Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Iganmu da rukunin gidajen Festac. A Kaduna aka yi gagarumin hawan daba da dawakin masarautun Arewa, aka gina Otal ɗin Durbar don baƙi. Adalci ne a ce bikin ya ɗaga kan baƙar fata, gidajen Festac kuma har yau mutane na zaune a cikinsu. Otal ɗin Kaduna dai ya shafe shekaru yana lalacewa ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a 2020.

Arzikin man ne ya jawo maƙwabta. Malaman makaranta 'yan Gana sun koyar a sakandare da yawa na Arewa, magina da teloli da masu gadi suka cika birane daga Nijar da Chadi da Togo da Benin. Nijeriya ce ta jagoranci kafa ECOWAS a Legas a 1975, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Dakar ta 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Amma ba a yi wani tanadi na yi wa masu shigowa rajista ba, ko na sanin wanda wa'adinsa ya cika.

Da farashin mai ya fara faɗuwa a 1981, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a Kano, wanda jagoransa ɗan asalin Kamaru ne, ya riga ya cusa wa jama'a tsoron baƙo. Ranar 17 ga Janairun 1983, ana saura watanni a yi zaɓe, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takardu zuwa ƙarshen wata ya fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka tashi, kusan rabinsu 'yan Gana. Suka yi cincirindo a tashar jiragen ruwa ta Apapa da iyakar Seme, wasu suka mutu a turmutsitsi da yunwa a hanya, suka isa gida suka tarar da fari da gobarar daji. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke kira Gana-mas-go daga wannan tafiya ta samo suna. Aikin yi bai dawo ba, kuma ranar 31 ga Disamban shekarar sojoji suka karɓe mulki.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ta sake korar baƙi a 1985. Rufewar ta zo daidai da mummunan fari a Nijar, hatsin da ke tsallakawa daga kasuwannin Arewa ya tsaya, har mutanen yankin Maraɗi suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Bayan shekara shida, a Yunin 1991, Abuja ta karɓi taron ƙolin nahiyar a sabon zauren da aka gina dominsa, aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar haɗe tattalin arzikin Afirka da sauƙaƙa zirga-zirgar jama'a.

Agadas da Yamai

A wannan ƙarni lamarin ya sauya kama: yanzu a zauren taron ƙetare ake yanke yadda ƙasa za ta tafiyar da masu ƙaura. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, akasari daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Waɗannan ba Turai suka nufa ba. Talauci ne ya kore su daga ƙauyukansu zuwa neman abin kai wa baka a biranen Aljeriya. Wannan ita ce matsalar ƙaura ta cikin gidan Nijar, maganinta kuma yana gona da rijiya da rumbu.

Abin da ya fi samun kulawa shi ne damuwar Turai. A Mayun 2015 majalisar Nijar ta zartar da dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamba kuma shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta ta ƙasar Malta, aka kafa asusun kusan yuro biliyan biyu don rage kwararar mutane. Daga 2016 aka fara aiwatar da dokar da ƙarfi a Agadas: aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Gari ne da ya rayu da matafiya tun zamanin ayarin raƙuma. Direba da mai masauki da mai abinci da mai sayar da jarkar ruwa duk suka wayi gari sana'arsu ta zama laifi ko ta mutu, tallafin da aka yi alkawari kuma kaɗan ne suka gan shi. Masu safarar ba su daina ba, sai suka koma bin hanyoyin da babu rijiya don kauce wa jami'ai. Gwamnati ta sami yabo a Turai, ta sami ƙorafi a Agadas. Sojojin da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun soke dokar a Nuwamban shekarar.

A tsakanin nan, a Yulin 2019, Yamai ta karɓi taron Tarayyar Afirka da ya ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, aikin da Shugaba Mahamadou Issoufou ya jagoranta. Kamfanin Turkiyya ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani, aka gina manyan otal-otal da sababbin tituna. A shekarar Nijar ce ta ƙarshe cikin ƙasashe 189 a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a lokacin mafi yawan wutar lantarkinta daga Nijeriya take zuwa. A wannan taro Shugaba Buhari na Nijeriya ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwar ranar 7 ga Yuli. Kafin ƙarshen Agusta gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa da mai, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. 'Yan kasuwar Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, su suka ɗanɗana kuɗarsu, shinkafa kuma ta ƙara tsada a kasuwa. Sa hannun da aka yi a zaure bai kare su ba, rufe iyakar da aka yi da sunan kare gida shi ma bai ciyar da gidan ba.

Johanesbag

Afirka ta Kudu ta fi kowace ƙasa a nahiyar ƙwarewa wajen karɓar baƙin duniya: gasar cin kofin duniya ta 2010, tarukan BRICS, sannan taron G20 na 22 da 23 ga Nuwamban 2025, na farko da aka yi a Afirka, wanda Amurka ta ƙaurace masa. Ita ce kuma ƙasar da rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100, wadda ta yi shekaru tana fama da ɗaukewar wuta. A Mayun 2008 tarzomar ƙin jinin baƙi ta tashi daga unguwar Alexandra, aka kashe mutum 62, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan ƙasar ne da kansu. An sake yi a 2015 da 2019, lokacin da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya da jirgi.

A Agustan 2023, mako guda bayan an kammala taron BRICS a unguwar masu hali ta Sandton, gobara ta tashi a wani tsohon bene mallakin hukumar birnin Johanesbag, wanda aka yi watsi da shi har 'yan daba suka mamaye suna karɓar haya. Fiye da mutum 70 suka ƙone, 'yan ƙasa da baƙi tare. Da G20 ya ƙarato aka shiga cike ramukan titi da gyara fitilu a hanyoyin da shugabanni za su bi, mazauna birnin kuwa suna tambayar me ya hana a yi musu haka tuntuni, alhali famfunansu kan yi kwanaki a bushe. A 2025 ce kuma 'yan ƙungiyar Operation Dudula suka riƙa tare ƙofar asibitoci suna hana baƙi shiga, har kotu ta haramta musu. Layin asibitin da ya fusata su gaskiya ne. Amma matar da ta zo awon ciki daga Zimbabuwe ba ita ta hana ɗaukar ma'aikatan jinya ba.

Abin da tarihin ya nuna

Taro yana da amfaninsa. 'Yancin zirga-zirgar da ɗan Kano ke mora zuwa Kumasi a zauren taro aka same shi. Sai dai Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa, kuma duk gwamnatin da aka ambata a nan ta juya wannan tsari ta sha wahalarsa. Damuwar ɗan ƙasa game da masu shigowa ita ma ba abin rainawa ba ce. Yana da haƙƙin ya san wa ke shiga ƙasarsa, ya kuma ga hukuma tana riƙe da iyaka. Abin da 1969 da 1983 suka tabbatar shi ne korar jama'a a mako biyu ba ta samar da aiki ko guda, sai dai ta raba iyalai ta bar gaba tsakanin maƙwabta.

Aikin da ke magance wannan damuwa ba shi da armashin da zai kai shi shafin farko na jarida. Shi ne yi wa kowa rajista, ba da katin shaida cikin sauƙi ba tare da cin hanci ba, biyan jami'an kan iyaka albashin da zai hana su miƙa hannu, da gurfanar da mai laifi gaban alƙali ko ɗan ina ne. Kafin kuma wata gwamnati ta karɓi baƙuncin babban taro, majalisa da 'yan jarida da malamai suna da ikon neman a bayyana nawa za a kashe, daga ina kuɗin zai fito, wane aiki aka jinkirta dominsa, kuma me zai rage wa mazauna birnin bayan jirgin baƙo na ƙarshe ya tashi. Gwamnatin da ta iya amsa waɗannan tambayoyi a bainar jama'a ta cancanci ta karɓi baƙinta. Wadda ta kasa, ta tura wakilai zuwa taron wata ƙasa, ta zuba kuɗin a ruwan sha da asibiti da makaranta.